Gidadawa: Sunan Gidan Waziran Sakkwato

Turawan Ingila suna gadon sunan kaka ɗaya daga uba zuwa ɗa, kamar Johnson, watau ɗan John. Hausawa kuwa sai su ƙara "-awa" ga sunan kakan, ya zama sunan zuriya, wani sa'i har da na unguwarsu. Haka aka sami Gidadawa a birnin Sakkwato.

Tushen sunan shi ne Usmanu Gidado ɗan Laima, aminin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya riƙe wazirci daga 1817 zuwa 1842. Ta hannunsa wasiƙu ke tafiya tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau. Shi ne ya sauki Baturen nan Kilafatan a 1824, shi ne kuma ya wallafa Raudul Jinan a kan karamomin Shehu. Ɗansa Abdulƙadir, wanda Asma'u ta haifa, ya gaje shi, sa'an nan sarautar ta zauna a gidan.

Ba a taɓa jarraba wannan suna ba kamar a zamanin jikansa, Waziri Muhammadu Buhari. Ran 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, har aka kashe shi a Burmi. Buhari kuwa ya tara malamai aka yi shawara, ya komo da jama'a cikin birni. Da zargi ya yi yawa, sai ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilmi, ya kafa hujja cewa halal ne a bi Turawa a baki ban da zuci, muddin ba su hana salla da azumi ba, domin in kowa ya tashi, ƙasar za ta rasa masu tsaron addini.

Ɗansa Junaidu ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997. Ya rubuta Tarihin Fulani, ya kuma adana wasiƙun kakanninsa, waɗanda Murray Last ya dogara a kansu cikin littafinsa na 1967. Da Buhari ya bi ayarin hijira, da wuya a sami takardun nan a Gidadawa.