Tsibirin Lete: Rigimar da Zurfin Ruwa Ya Raba

Wanda ya gangaro daga Karakara zuwa Gaya ya tsaya bakin kogin Isa, Malanbil zai hango a tsallake, ƙasar Benin ke nan. Can sama da Gaya, tsakiyar ruwa, akwai tsibirin Lete, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 40. Idan ruwa ya ja, ciyawa kan rufe shi, Fulanin Nijar su shigo da shanu, manoman tsallake kuma su ce gonarsu ce tun kaka da kakanni.

Faransa ce ke mulkin gaɓar biyu, don haka ba ta damu da ja layi ba. Cikin takardun da aka samu akwai wasiƙar da Sadoux, kwamandan Gaya, ya rubuta a 1914, cewa inda ruwa ya fi zurfi nan ne iyaka. A daren 29 ga Yuni 1960, ana gab da samun 'yancin kai, aka kashe Fulani huɗu a tsibirin. Zuwa Disamba 1963 wuta ta kama sosai: shugaban Nijar Diori Hamani ya kori ma'aikatan Dahome, wato Benin ta yau, Dahome ta toshe hanyar tashar jirgin ruwan Kwatano, sojoji suka ja daga. Ƙasar da ba ta da teku ta san zafin wannan. A Yamusukuro aka sasanta a 1965, kowa ya ci moriyar tsibirin, sai dai ba a faɗi mai shi ba. An rufe tukunya ne kawai.

Sai a 2001 ƙasashen suka yarda su kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague. Ran 12 ga Yuli 2005 alƙalai suka yanke: iyaka ta bi hanyar jirage mafi zurfi, yadda take a 1960. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin 9. Abin dariya, bayan tulin takardu da lauyoyi, ma'aunin da aka koma gare shi shi ne wanda kowane mai kwalekwale ke gwadawa da gorarsa kullum.

Gadar Gaya ma an raba ta daidai saitin layin ruwan. A kanta aka jibge kwantenoni bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, fasinja suka koma kwalekwale, da babura da buhunan albasa.