Babban Gwani: Ladan da Aka Biya da Suna

Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ya ɗaga kai ya dubi bakunan ƙasa da azara da ke riƙe da rufinsa, aikin Muhammadu Durugu yake kallo. Ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), amma sunan da tarihi ya riƙe masa ba na yanka ba ne. Babban Gwani ake ce masa.

Irin wannan girmamawa ba ado ba ce. A ƙasar Hausa magina da maƙera da majema kowa da sarkinsa, kuma mai sarautar ne ke tara 'yan sana'a idan aikin fada ya taso, ya raba aiki, ya sasanta rikici. Wanda ya fi iyawa, shi ake ɗora wa nauyin sauran. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya, sarautar Sarkin Magina kuwa ta zauna a zuriyarsa.

A ganina, nan tsarin ya gaza. Ladan gwaninta ya koma gado, masu kwaɓa ƙasa da masu dunƙula tubali kuwa, waɗanda guminsu ya tsayar da ginin, ba a adana sunayensu ba.

Shi ma gwanin, in ji labarin baka, yabon bai kare shi ba: wai bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sarkin ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani irinsa.