Tarihin Neman Maganin Sanƙo, Daga Zabirar Wanzami Zuwa Allurar Zamani

A yammacin Jihar Kano, wajen da iyakarta ta haɗu da ta Katsina da ta Kaduna, nan ƙasar Karaye da Rogo ta ke. Karaye tsohon gari ne, har littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi, ya ce a nan ne Kanawa suka kori mayaƙan Katsina zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623. A cikin 2024 aka yi dokar da ta bar ƙananan hukumomin nan biyu a ƙarƙashin Masarautar Karaye. Labarin sarakuna da yaƙoƙi an sha ba da shi. Amma akwai wani tarihi wanda ya shafi kan kowane mutum, watau tarihin aski da gashi da neman maganin sanƙo. Ya kamata a san shi yanzu, domin wani sabon magani ya ɓullo daga ƙasashen waje, ana ce da shi ekzosom. Tallansa yana yawo cikin wayoyin hannu, yana isa ƙauyen da likitan fata bai taɓa takawa ba. Wanda ya san abin da ya wuce, shi zai iya auna wannan baƙo kafin ya miƙa masa kansa da kuɗin rakensa.

Zamanin Wanzami

A dā, a Karaye da Rogo da sauran ƙasar Hausa, sha'anin kan namiji a hannun wanzami ya ke tun daga ranar suna. Ran bakwai ga haihuwa ya kan zo da zabirarsa, ya aske gashin jariri, ya yi masa tsagar gidansu in masu tsaga ne. Yaro ya tasa a bar masa tukku ko zanko. In ya girma kuwa sai aski ƙwal, ya ɗora hula, in malami ne ko basarake ya naɗa rawani. Ran kasuwa wanzamai su kan shimfiɗa tabarma a inuwa, wannan ana yi masa aski, wancan an kafa masa ƙaho. Suna da shugabansu, shi ne Sarkin Aska.

To, mutumin da kullum kansa a aske ya ke, kuma a rufe, sanƙo ba ya damunsa. Har ma a kan yi wa mai sanƙo ba'a, a ce alamar arziki ce ta fito masa. Mata su ne masu tattalin gashi. Su kan wanke shi da karkashi, su shafa man shanu ko man kaɗanya, su je gidan makitsiya a yi musu doka ko shuku.

Cutar da ta fi damun jama'a a zamanin nan ita ce makero, wadda waɗansu ke kira kora. Ta kan kama kan yara, gashi ya kakkarye, wurin ya yi fari ya zagaye kamar kwabo. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne, wani ɗan tsiro ne wanda ido ba ya gani ke kawo ta, kuma askar da ta aske mai ita tana iya kai ta kan yaro na biye. Watau hannun da a ke kai wa yaro neman magani, wani lokaci shi ke raba cutar, ba da saninsa ba.

Mutanen Dā Na Waɗansu Ƙasashe

A ƙasashen da maza ke barin suma, nan ne sanƙo ya zama abin baƙin ciki. Akwai wata takardar magani ta mutanen Masar, wadda aka rubuta shekara wajen 3,500 da suka wuce. Wani Bajamushe mai suna Georg Ebers ya saye ta a 1873, tana nan a birnin Laifzig. A cikinta an ce mai sanƙo ya haɗa kitsen zaki da na dorina da na kada da na kyanwa da na maciji da na akuyar dutse, ya riƙa shafawa. Yuliyas Kaisar, wanda ya mallaki Rum, duk da ƙarfin mulkinsa bai sami magani ba. Sai dai ya kan taje gashin ƙeyarsa ya kawo shi gaba.

Amma tun a wancan zamani akwai masu lura. Arastotal, malamin Yunanawa, ya rubuta cewa mazan da aka dandaƙe ba su yin sanƙo. Irin waɗannan mutane su ne Hausawa ke kira babanni, waɗanda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya fara ba su sarautu a fada. Aka yi shekara fiye da dubu biyu ba wanda ya tabbatar da dalili. Sai a 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa abu biyu ke haɗuwa su kawo sanƙo, watau gādo da sinadarin mazakuta da ke yawo cikin jini. In ɗaya ya rasa, sanƙo irin na maza ba ya fita.

Yadda Gashi Ke Tsiro

Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana da ɗan raminsa a cikin fata, a gindin ramin ne saiwarsa ta ke. Ya kan ƙaru da misalin santimita ɗaya a wata, ya yi shekara biyu zuwa shida yana tsawo, sa'an nan ya huta wata uku ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Saboda haka mai lafiya ma ya kan zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. Ga mai sanƙon gādo kuwa, ramukan goshi da na tsakar ka su kan yi ta tsukewa shekara da shekaru, gashin ya yi ta sirancewa, har ya koma kamar na jariri. Na ƙeya da na gefe ba su cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa su kan saura.

Magungunan Da Suka Ci Gwaji

Maganin makero shi ya fara samuwa. A 1958 wani masani a birnin Gilasgo ya gwada ƙwayar da a ke kira girisiyofulbin a kan dabbobi, ta warkar da su, ba a daɗe ba aka soma ba mutane. Yau yaron da ya sha ta makonni shida zuwa takwas bisa umurnin asibiti ya kan warke, gashinsa ya dawo, in dai cutar ba ta riga ta bar tabo ba.

Na sanƙo kuwa, biyu aka samu, dukansu bisa katari. Minokzidil maganin hawan jini ne, sai likitoci suka ga masu shansa suna fid da gashi. Aka mai da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 1988. Finastarayid kuma an yi shi ne don tsofaffin da fitsari ke yi musu wuya, aka yarda da shi don sanƙon maza a 1997. Mace mai ciki ba ta shansa, ba ta ko taɓa wanda ya farfashe. Dukansu biyu su kan tsai da zubar gashi, su ɗan ƙara shi ga mutane da yawa, amma ran da aka daina, cikin 'yan watanni sanƙo ya koma inda ya ke.

Akwai kuma dashe. Wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana shi a 1939, sa'an nan Norman Orentreich na Niyu Yok ya nuna a 1959 cewa saiwar da aka ciro daga ƙeya aka dasa a goshi tana riƙe halinta na ƙeya. Manomin da ya saba dashen tumatir zai gane wannan. Dashe ba ya ƙara yawan iri, wuri kawai ya ke sāke masa.

Labarin Ekzosom

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Kowace ƙwaya ta kan fid da waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera wajen dubu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. A 1983 aka fara ganin yadda su ke fita, a wuri biyu. A birnin Sen Luwis na Amurka an gan su cikin jinin ɓera, a Mantiriyal ta Kanada kuma wata masaniya, Rose Johnstone, ta gan su cikin jinin tumaki. Ita ce ta raɗa musu suna ekzosom a 1987.

Da farko an ɗauka kwandon shara ne, ƙwaya ta zuba abin da ba ta so ta jefar. Sai a 2007 masana a ƙasar Suwidin suka nuna cewa jakunkunan suna ɗauke da saƙo, ƙwaya ta aika wa 'yar'uwarta, wadda ta karɓa kuwa ta sāke aikinta. Watau zabira ce ƙarama mai ɗauke da wasiƙa. Daga nan tunani ya zo, in aka tattara jakunkunan ƙwayoyi masu ƙuruciya, irin na cibiyar jariri ko na kitse, aka zuba a fatar kai, watakila saiwar da ta yi barci ta farka. Aka gwada a kan ɓeraye da saiwoyin da aka raya cikin kwalba, aka ga alamar tsiro. Kamfanoni, musamman a Koriya ta Kudu da Amurka, suka shiga ɗurawa a kwalabe. Masu gidajen gyaran jiki su kan tsattsaga fatar kai da ƙananan allurai su shafa ruwan, ko su yi allurarsa. Mai karatu zai ga aikin bai yi nisa da na wanzami ba, wanda ke yin tsaga ya shafa magani.

To, amma fa ganin alama dabam, tabbatarwa dabam. Malamin gona in yana so ya san amfanin sabon taki, ya kan raba gona biyu, ya zuba wa rabi, ya bar rabi, ya auna amfanin kowanne da kaka. In ya zuba wa gonar duka ta yi kyau, ba wanda zai san ko takin ne ko damina ce ta yi albarka. Haka a ke gwada magani, da mutane masu yawa, kashi biyu, tsawon lokaci. Minokzidil da finastarayid sun bi ta wannan hanya. Gwaje-gwajen ekzosom a kan mutane kuwa yawancinsu ƙanana ne, na 'yan watanni, da yawa ba a raba gonar biyu ba. Ga shi kuma tsagar allurar ita kanta tana ɗan ta da gashi. Ban da haka, abin da ke cikin kwalbar wannan kamfani ba shi ne cikin ta wancan ba.

A watan Disamba na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, bayan waɗansu mutane a jihar Nebaraska sun kwanta ciwo mai tsanani saboda an yi musu allurar abin da aka ce ekzosom ne. Har zuwa ƙarshen 2024 hukumar ba ta amince da ko kwalba ɗaya ba don maganin kowace cuta, balle sanƙo. Wannan bai nuna cewa ilmin banza ne ba. Masana suna nan suna bincike, mai yiwuwa wata rana ya ci gwaji. Amma ba a cinikin biri a sama.

Abin Da Tarihin Ya Koyar

Yau samarin Karaye da Rogo sun koma barin suma, suna zuwa shagon aski a gyara musu da kilifa, suna ɗaukar hoto ba hula. Saboda haka sanƙon da bai dami kakanninsu ba ya soma damunsu, masu talla kuwa sun sani. Abin da ya kamata mutum ya fara yi shi ne ya san irin zubar gashin da ke gare shi, domin ba iri ɗaya ba ne. Makeron yara yana warkewa da ƙwaya. Gashin mai jego da ke zuba wata biyu ko uku bayan haihuwa ya kan dawo da kansa, haka na wanda ya tashi daga zazzaɓi mai zafi. Na ƙarancin jini yana bukatar abinci da maganin ƙarin jini. Goshin macen da kitso mai tsauri ya cinye ya kan farfaɗo in an sassauta da wuri, in aka daɗe kuwa saiwar ta mutu, ba man da zai tashe ta. Likitan fata shi ke bambancewa, akwai su kuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

Na biyu, duk maganin da za a saya a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don tace magunguna da abinci a Nijeriya. Na uku shi ne mafi nauyi. Duk abin da zai huda fata, aska ko reza ko allura, in ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Wanzamai da yawa sun gane haka, sun koma sa sabuwar reza ga kowane mutum. Wanda ya zo da allura da kwalba daga birni bai fi ƙarfin wannan doka ba. A tambaye shi daga jikin wa aka samo ruwan, wa ya gwada shi, wace hukuma ta yarda da shi. In ya kāsa amsawa, mutum ya mai da hularsa ya tafi gida da kuɗinsa. Sanƙo bai taɓa kashe kowa ba, amma ƙazamar allura ta kashe mutane da yawa. Allah ya kiyashe bayinsa, amin.