Daga Dala Zuwa Ƙofar Na'isa a Ƙafa

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta da yadda muka haddace sunayen sarakunan Kano tun daga Bagauda ba, muka zuba su a takardar jarrabawa, muka ci, alhali da yawanmu ba mu taɓa taka dutsen Dala ba. Malaminmu na tarihi, Allah Ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa wanda ke cikin mota ba ya ganin gari. Sai da furfura ta cika mini kai, jikana kuma ya tambaye ni ko ganuwa sunan unguwa ce, sannan na ɗauki maganarsa. Ranar wata Asabar bayan sallar asuba na kama hannun yaron muka fita.

Da Dala muka fara, domin nan Kano ta fara. Masu binciken ƙasa sun tono burbushin narkar da tama a wajen, wanda ya nuna akwai maƙera a nan tun ƙarni na 7, wato tun kafin zuwan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. A kan dutsen nan ne aka ce Barbushe yake ganawa da Tsumburbura, ya sauko ya faɗa wa jama'a abin da zai auku. Yanzu akwai matattakala ta siminti, amma duk da haka sau uku na tsaya ina haki, yaro yana yi mini dariya. Daga sama ana hango Goron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin masallacin Juma'a ta kudu maso gabas. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya hau nan a 1851 ya zana hoton birnin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000. A zamaninsa fili da gonaki sun ci babban kaso na cikin ganuwa, kuma da gangan aka bar su, domin in abokan gaba sun kewaye gari a sami abin ci. Yau ko ina ka duba rufin kwano ne.

Muka gangaro ta Madabo, unguwar da ake danganta ta da Wangarawa, malaman nan 'yan kasuwa na ƙasar Mali da Tarihin Kano ya ce sun zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Lungunan nan mota ba ta shiga wasunsu, to ka ga maganar Malam ta fito.

A kasuwar Kurmi muka daɗe. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya kafa ta, shi ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya faɗaɗa ganuwa, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki. Nan ayarin raƙuma daga Gadamus da Agadas suke sauke gishiri da alharini, su ɗauki turkuɗi da jar fata, fataken Gwanja kuma su kawo goro. Wajibi ne kuma a faɗa, ko da ba daɗin ji, cewa nan ma aka sayar da bayi har zuwa shigowar Turawa. Ban ɓoye wa yaron wannan ba. Har yanzu dukawa da masu kayan doki suna nan, sai dai kayan roba na ƙasashen waje sun fara rinjayar rumfuna.

Daga nan sai karofin Ƙofar Mata, wanda aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa da baba da toka. Marinan da muka tarar dattawa ne mafi yawansu, ramuka masu yawa kuma sun bushe. Muka biyo ta gaban babban masallaci, wanda ginin da ake gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, muka zaga ta Ƙofar Kudu muka shiga Gidan Makama, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Yaron ya shafa ƙarfen ya ce, "Alhaji, to ya aka yi Turawa suka shigo?" Na ce masa ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya zo da igwa ta wajen Kabuga, a lokacin Sarki Alu yana Sakkwato da yawancin mayaƙansa, kuma ƙyaure ba ya tare igwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen tafiyar. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ya soma ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta ƙari da gyara, ana gayya duk bayan damina a yaɓe inda ruwa ya ci. Da aka daina gayyar sai ruwa ya ci gaba da aikinsa, masu ɗibar ƙasa suka taya shi, masu neman fuloti suka ƙarasa. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka gina wata sabuwa a gurbinta. Ni a ganina laifin ba na hukuma ba ne ita kaɗai, don a cikinmu nan akwai waɗanda suka riƙe manyan muƙamai a ma'aikatun filaye da na ayyuka, ni ma na yi zamana a ofis, ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kan lamarin ba.

Wajen azahar muka isa Na'isa. Na nuna wa yaron wani guntun tudu na jar ƙasa, da akuya a kansa, na ce masa ga ganuwa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce shi ƙafarsa ta gaji. Muka tari a-daidaita-sahu muka koma gida.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan tattaki cikin shirin taronmu na baɗi, a tafi da ɗaliban aji shida. Wanda gwiwa ta hana shi hawa Dala ya jira mu a Gidan Makama.