Hasumiyar Bower: Tsohon Ginin da Ke Kallon Birnin Ibadan

Hasumiyar Bower tana bisa tsaunin Oke-Are, wurin da ya fi ko'ina tudu a tsohon garin Ibadan, hedikwatar Jihar Oyo. An buɗe ta a watan Disambar 1936 domin tunawa da Kyaftin Robert Lister Bower, Razdan na farko da Turawan Ingila suka tura birnin a 1893.

Tsayinta ƙafa 60 ne. Injiniya Taffy Jones ne ya zana ta, shi ne kuma ya gina ɗakin taro na Mapo da aka kammala a 1929. Abin da ya bambanta ta shi ne matsattsiyar matakalar da ke murɗawa a cikinta har ƙoli, shi ya sa Yarabawa ke kiranta Layipo, wato kewayawa. Har sukan ce wanda bai san Layipo ba, bai gama sanin Ibadan ba.

Sai dai tarihin Bower ba na yabo ba ne kaɗai, domin shi ne ya yi wa garin Oyo ruwan wuta a 1895.

Daga ƙolin hasumiyar, mai ziyara zai hango tsofaffin rufin kwano masu tsatsa, da dogon benen Cocoa House na 1965. Fataken Arewa da ke sauke wake da albasa a Kasuwar Bodija, ko masu sauka a Sabo, unguwar Hausawa tun 1916, gajeriyar tafiya ce tsakaninsu da wurin.