Rashomon: Fim Ɗin Da Mutum Uku Kowa Ya Ce Shi Ya Yi Kisan

Idan aka ce fim mai saƙo, abin da yawancinmu muka saba gani shi ne wanda a ƙarshensa mugu zai gamu da sakayya, a fito da wani dattijo ya yi nasiha, a rubuta Alhamdulillahi, kowa ya tashi hankalinsa kwance. To, akwai wani tsohon fim na ƙasar Japan da ake kira Rashomon, marar launi, tsawonsa minti 88 kacal, wanda yau sama da shekara saba'in ke nan ana gardama a kan abin da yake nufi. Tarihinsa nake so mu ɗan bi tare da mai karatu.

Fim ɗin ya fito a birnin Tokyo a watan Agusta na 1950. A lokacin shekara biyar ke nan da Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka ne ke riƙe da ƙasar, kuma ba su sake ta ba sai a 1952. Daga 1946 zuwa 1948 an yi ta shari'ar manyan ƙasar a Tokyo, har aka rataye mutum bakwai cikinsu, ciki har da tsohon firaminista Tojo. Wato jama'ar da aka yi wa fim ɗin mutane ne da suka gaji da jin shaidu, kowa na ba da labarin yaƙin ta inda zai fita. Shi ya sa masu sharhi da dama ke alaƙanta fim ɗin da wannan zamani.

Daraktan shi ne Akira Kurosawa, yana ɗan shekara arba'in a lokacin. Shi da Shinobu Hashimoto suka tsara labarin daga gajerun labarai biyu na marubuci Ryunosuke Akutagawa, ɗaya na 1915, ɗaya na 1922. Na farkon ya ba su suna da wurin zama, wato Rashomon, babbar ƙofar kudu ta tsohon birnin Kyoto wadda ta zama kango. Na biyun ya ba su ainihin rikicin.

Ga yadda abin yake. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutum uku suka fake a kangon ƙofar nan: wani mai saran itace, wani malamin addinin Buda, da wani ɗan yawon banza. Biyun farko daga wurin shari'a suke, kuma abin da suka jiyo ya ɗaure musu kai. An tsinci gawar wani barde a daji. Abin da kowa ya yarda da shi kaɗan ne: wani ɗan fashi mai suna Tajomaru ya yaudari barden ya ɗaure shi, ya keta wa matarsa haddi a gabansa, daga nan barden ya mutu. Yadda ya mutu ɗin shi ne inda baki ya rabu.

Ɗan fashin ya ce shi ya kashe shi. Wai matar ce ta ce lallai ɗayansu ya mutu, sai ya kwance mijin ya ba shi takobinsa, suka yi faɗa irin na maza, suka haɗa takobi sau ashirin da uku kafin ya yi galaba. Matar ta zo tana kuka ta ce ɗan fashin tafiyarsa ya yi, ita kuma da ta je wurin mijinta sai ya bi ta da wani kallo na ƙyama, ta roƙe shi ya kashe ta ya ƙi ko motsi, ta suma da wuƙa a hannunta, ta farka ta ga wuƙar a ƙirjinsa. Sai aka kawo wata mata irin masu hawan bori a al'adarsu, wai mamacin ya yi magana ta bakinta. (Mu dai mun san matacce ba ya dawowa ba da shaida, amma a bar wa mai labari dabararsa.) Shi kuma cewa ya yi matar ce ta nemi ɗan fashin ya kashe shi su gudu, abin ya ba ɗan fashin kansa kunya, ta tsere, aka kwance shi, ya ɗauki wuƙarta ya soka wa kansa don baƙin ciki.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. A shari'ar da muka sani, wanda ake zargi ƙoƙarinsa ya ture laifin daga kansa. Waɗannan ukun kuwa kowa jawo kisan yake yi zuwa jikinsa. Me ya sa? Saboda akwai abin da ya fi musu rai tsada, shi ne yadda za a gan su. Ɗan fashin ya san kisa ke jiransa ko ta yaya, gara ya tafi da sunan jarumi. Matar gara a ce mata mai kisa da a ce ta yarda da wanda ya ɓata ta. Barden, ko a kabari, ba zai lamunta a ce wani ɓarawon daji ya fi ƙarfinsa ba. Ƙaryarsu ba ta neman kuɓuta ba ce, ta neman mutunci ce, kuma da alama kowannensu ya riga ya gaskata kansa.

Labarin Akutagawa a kan shaidar mamacin ya ƙare. Kurosawa sai ya ƙaro na huɗu. Mai saran itacen, wanda ya gaya wa hukuma gawa kawai ya gani, ya furta wa abokan fakewarsa cewa a gabansa aka yi komai. A nasa bayanin babu jarumi ko ɗaya. Mijin cewa ya yi ba zai sai da ransa don irin wannan mata ba, matar ta yi musu dariyar raini ta tunzura su, suka shiga faɗa hannu na rawa, suna faɗuwa suna rarrafe, har ɗan fashin ya soke barden yana roƙon a bar shi da rai. Kana cewa to ga gaskiya ta fito, sai ɗan yawon banzan nan ya tambayi inda wuƙar matar ta shiga, wuƙa mai ado mai tsada. Mai itace ya sunkuyar da kai.

Yau a Turai da Amurka sunan fim ɗin ya zama kalma, lauyoyi da 'yan jarida na kiran Rashomon duk inda shaidu suka saɓa. Da yawa kuma sun ɗauka saƙonsa shi ne babu wata gaskiya, kowa da tasa. Ni ban yarda da wannan fahimta ba. Barden ya mutu, kuma da abu ɗaya ya mutu, ko takobi ko wuƙa. Gaskiya tana nan daram, masu ɗauko ta ne ba sa iya kawo ta ba tare da sun gyara kansu a ciki ba. Kurosawa da kansa ya faɗi makamancin haka ga mataimakansa uku da suka same shi suka ce ba su gane labarin ba. Biyu suka gamsu, babbansu bai gamsu ba. Mu da muke rubuta littattafan da jarumarmu ke ba da labarin kishiyarta da uwar mijinta, ita kullum tsarkakakkiya, ya kamata wannan ya ɗan sosa mana rai, domin ba mu cika ba kishiyar shafi ko ɗaya ta faɗi nata ba.

Wani abin lura shi ne ba a taɓa nuna alƙalin, ba a ma jin muryarsa. Shaidun kyamara suke fuskanta, ke nan mai kallo aka ɗora a kan shimfiɗar shari'ar. Mai ɗaukar hoton, Kazuo Miyagawa, ya riƙa saita kyamara ga rana ta tsakanin ganyaye, yana amfani da madubi ya haska fuskokin 'yan wasa, ruwan saman kuma sai da aka zuba masa baƙin tawada kafin ya fito a hoto. Ƙarshen fim ɗin, inda aka tsinci jariri a kangon, mai itacen nan da ke da 'ya'ya shida ya ɗauke shi zai riƙe, wasu na ganin sassauci ne da Kurosawa ya yi wa masu kallo. Ni dai ina ganin ya dace, tunda ɓarawon wuƙar ne ya ɗauki jaririn.

Kamfanin Daiei da ya ba da kuɗin bai ɗauki fim ɗin da wani muhimmanci ba. Wata 'yar Italiya mazauniyar Japan, Giuliana Stramigioli, ita ta matsa aka kai shi gasar Venice, inda a Satumba 1951 ya lashe babbar kyauta ta Zakin Zinare, a 1952 kuma aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar a Amurka. Kurosawa bai ma san an kai shi ba. Ya dawo daga kamun kifi a kogin Tama, ransa a ɓace saboda fim ɗinsa na gaba ya faɗi kuma Daiei ta janye aikin da ta yi masa alkawari, matarsa ta tare shi da albishir. Ya kuma ba da labarin cewa bayan shekaru ya ga shugaban kamfanin, wanda da farko ya ce bai fahimci komai a fim ɗin ba, a talabijin yana bayani da alfahari yadda shi ne ya tsaya tsayin daka har aka yi shi.