Daga Muƙabalar Malamai zuwa Layin Umarni: Tarihin Kwatanta Rubutu Biyu da Abin da Ya Shafi Ƙasar Kurfai

Kwatanta rubutu biyu domin a gano inda suka dace da inda suka saɓa aiki ne da ya girmi kwamfuta da ƙarnuka masu yawa, kuma har yau a kansa ake dogara wajen duk wani lissafi da ake so jama'a su amince da shi, ko jerin sunayen masu zaɓe ne, ko rajistar haihuwa, ko littafin bashin ƙungiyar manoma. A Bonkuku, hedikwatar ƙaramar hukumar Imanan da ke gundumar Filinge a jihar Tilaberi ta Nijar, inda Buzaye da Zabarmawa da Hausawa suke zaune tare a cikin kwarin Dallol Boso, kuma inda noman dankalin turawa na rani ya yi suna har kasuwannin Yamai, duk wanda aka ɗora wa riƙon takarda ya san nauyin wannan tambaya: shin jerin da ke hannunsa daidai yake da wanda ke ofishin Filinge, in kuwa ba daidai ba ne, a wane layi suka rabu?

Malaman ƙasar Hausa sun gaji wata ƙa'ida daga malaman hadisi wadda ake kira muƙabala, wato idan aka gama kwafar littafi da hannu sai mutum ɗaya ya riƙe asali, wani ya riƙe kwafi, wannan yana karantawa a bayyane wancan yana bi da ido, duk inda aka tsallake kalma ko aka maimaita layi sai a gyara a gefen shafi, a sa alamar da ke nuna an inganta wurin. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya yi bayanin wannan ƙa'ida a littafinsa na ilimin hadisi, kuma wanda ya duba rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, waɗanda Bubu Hama ya yi fice wajen tara su, zai ga irin waɗannan gyare-gyare a gefen shafuka. Abin lura shi ne muƙabala ta ƙunshi ayyuka biyu, gano saɓani da kuma yanke hukuncin wane ɓangare ne ingantacce, kuma na farkon ne kawai na'ura ta karɓa daga hannun mutum.

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka tsara ƙasar kanton-kanton, har da na Kurfai da na Imanan, sai kwatanta takardu ya zama aikin mulki, domin harajin kai yana buƙatar jerin magidanta da iyalansu da dabbobinsu, kuma a kowace ƙidaya dole a gwada sabon jeri da tsoho a ga wanda ya rasu, wanda ya ƙaura da wanda ya isa biya. A nan ne wata matsala ta samo tushe wadda ba ta gushe ba, saboda an rubuta sunaye da kunnen Bafaranshe da ƙa'idar rubutunsa, Kurfai ta zama Kourfey, Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, kuma mutanen da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba aka sa musu cewa an haife su wajajen shekara kaza. Ƙidayar jama'a da Nijar ta gudanar bayan samun ƴancin kai, a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, da rajistocin ƙananan hukumomi, duk sun tarar da wannan gado.

Sanannun umarnan da ake kwatanta fayiloli da su a layin umarni, kuwa, an haife su ne a cibiyar bincike ta Bell da ke jihar New Jersey a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Unix a 1969. Fayil shi ne rubutu ko bayani da aka ajiye a na'ura ƙarƙashin suna guda, layin umarni kuma shi ne wurin da mutum ke buga umarni da haruffa maimakon ya danna hoto, sai na'ura ta amsa masa da rubutu. Mafi tsufa a cikin waɗannan umarnai shi ne cmp, wanda yake cikin fitowar Unix ta farko a 1971, kuma aikinsa kaɗan ne: yana bin fayiloli biyu bayit bayan bayit, wato ƙaramin ma'aunin bayani da ke ɗauke da harafin boko guda marar lanƙwasa, idan ya ci karo da bambanci na farko ya faɗi wurin ya tsaya, idan bai samu ba ya yi shiru. A 1973 aka samu comm, wanda Lee McMahon ya rubuta, shi kuma yana karɓar jeri biyu ya fitar da sahu uku, layukan da ke cikin na farko kaɗai, waɗanda ke cikin na biyu kaɗai, da waɗanda ke cikin duka biyun. Idan sakataren ƙungiyar manoman dankali yana da jerin waɗanda suka karɓi iri bashi da jerin waɗanda suka biya, sahu na farko shi ne sunayen waɗanda ake bi, sahu na biyu kuma, in ya fito da wani suna, yana nuna an karɓi kuɗi daga wanda ba a rubuta bashinsa ba, abin da ya wajaba a bincika. Sharaɗin comm shi ne a fara tsara jerin biyu bisa haruffa da umarnin sort, domin in ba a tsara ba sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Wanda ya fi su zurfi shi ne diff, wanda ya fito a 1974, aikin Douglas McIlroy tare da James Hunt, waɗanda suka wallafa bayanin dabararsa a 1976. Matsalar da suka warware ta fi yadda ake zato wuya, domin idan aka ƙara layi ɗaya tak a saman wani jeri, kowane layi na ƙasa ya gusa da mataki guda, kuma mai kwatanta layi na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, zai ce komai ya canja alhali suna ɗaya ne ya ƙaru. Dabarar diff ita ce ya fara neman jerin layuka mafi tsawo da fayilolin biyu suka yi tarayya a kai bisa tsari ɗaya, ko da wasu layuka sun shiga tsakani, sannan ya ɗauki duk abin da ya rage a matsayin wanda aka cire, aka ƙara, ko aka sauya. Da yake na'urorin PDP-11 na wancan zamani ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce ƙwarai, sai suka mayar da kowane layi wata gajeriyar lamba da aka lissafo daga haruffansa, suna kwatanta lambobin maimakon dogayen layuka. A 1985 Larry Wall ya fitar da patch, wanda ke karɓar sakamakon diff ya gyara tsohon fayil da shi ya koma sabo, ta yadda ba sai an aika da dukan littafi ba, gyaran kawai ya isa. A 1986 Eugene Myers ya wallafa wata dabara mai sauri, wadda manhajar Git ta Linus Torvalds, da ta fito a 2005, take amfani da ita har yau.

Abin da ya haɗa waɗannan ƙananan umarnai ya mayar da su ma'aikata shi ne shel, wato manhajar da ke karɓar umarnin mutum ta zartar, musamman wadda Stephen Bourne ya rubuta da ta fito a 1979, da Bash wadda Brian Fox ya fitar a 1989. Kowane umarni idan ya gama yana barin wata lamba da shel ke karantawa, kuma a wajen cmp da diff sifiri na nufin babu bambanci, 1 na nufin akwai, 2 na nufin an samu cikas kamar rashin ganin fayil. Da wannan lamba ake rubuta jerin umarni a fayil guda, wanda zai duba da kansa ko kwafin rajistar da aka ajiye ya yi daidai da asali, ya yi gargaɗi in bai yi ba. Don kwatanta ƙimomi guda-guda kuma akwai umarnin test, wanda ya raba kwatancin rubutu da kwatancin adadi: da alamar daidai yana kallon 07 da 7 a matsayin abubuwa biyu daban, da alamar -eq kuma yana ganinsu adadi ɗaya. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin kilo 07 da kilo 7 na iri nauyi ɗaya ne, amma lambar katin da ta fara da sifiri ba ɗaya take da wadda ba ta da shi ba.

A daidai nan tarihin Filinge da na New Jersey suke haɗuwa, kuma haɗuwar ba mai sauƙi ba ce. Waɗannan umarnai haruffa suke gani, ba mutane ba, saboda haka Aboubacar da Abubakar da Boubacar mutum uku ne a wurinsu ko da magidanci ɗaya ne a unguwa ɗaya, kamar yadda Bonkoukou da Bonkuku suke garuruwa biyu. Haruffan Hausa masu lanƙwasa suna ƙara yawan saɓanin, tunda wani magatakarda zai buga ƙ ko ɗ, wani ya buga k ko d saboda allon haruffansa na Faransanci ne, kuma harafin da ake rubutawa ƴ a Nijar ana rubuta shi da ɗigon waƙafi a gaban y a Najeriya. Har harafin ƙarshe na Filingué yana iya shiga na'ura ta hanya biyu, a dunƙule ko a matsayin e da alama a rabe, ido ya ga abu ɗaya cmp ya ga biyu; haka nan fayil da aka rubuta a Windows yana rufe kowane layi da alamomi biyu, na Linux da ɗaya, sai diff ya ce duk layuka sun bambanta. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, wanda ya fi muni, domin sunaye irin su Amadu Musa suna da yawa, kuma waɗanda ba a san ranar haihuwarsu ba sau da yawa ana sa musu 1 ga Janairu, don haka umarnin uniq, mai zaƙulo layukan da suka maimaitu a jerin da aka tsara, yana iya nuna mutum biyu na gaskiya a matsayin ɗaya, a goge wani a tauye masa haƙƙi ba tare da ya sani ba.

Nijar ta ga girman wannan al'amari gabanin zaɓen 21 ga Fabrairu 2016, lokacin da ƙwararrun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF, suka binciki rajistar masu zaɓe suka ba da shawarar a cire sunaye kimanin 25,000 da aka rubuta sau biyu da rumfunan zaɓe kimanin 300 da babu su a zahiri. Aiki mai wannan girma da manyan rumbunan bayanai ake yin sa, amma tushensa shi ne na sort da uniq da comm, wato a tsara, a jera, a ware wanda ya maimaitu. Komawa ga rajista mai hoton yatsu a zaɓen 27 ga Disamba 2020 amincewa ce da cewa suna a rubuce bai isa ya bambanta ɗan ƙasa da ɗan'uwansa ba.

Ƙaramar hukuma irin Imanan da ƙungiyoyin manomanta ba su da na'urar ɗaukar yatsu don kowane jeri, amma waɗannan umarnai kyauta ne, suna cikin kowace kwamfuta mai Linux, ba sa buƙatar intanet, kuma tsohuwar na'ura ma tana ɗaukarsu. Abin da ya rage ga masu riƙon takardu a Imanan da ƙasar Kurfai shi ne su yarda da hanyar rubuta suna guda ɗaya, su ba kowane mutum lambar da ba ta canjawa, kuma kada a goge sunan da na'ura ta nuna sai an tambayi mai unguwa ko mai sunan da kansa.